Ragon Suna da Gwangwanin Fulogin Baba Tsoho

Tun da na dawo daga Zakka ban sha ruwa da daɗi ba. A aji, a filin ƙwallo, har a layin famfo, tambayar kowa ɗaya ce: wai da gaske ne kwana muka yi a hanyar da mai babur ke cinyewa kafin shayinsa ya huce? Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda kuma ya ce na ƙara gishiri, ya je ya tambayi ragon, in ya same shi.

Ga yadda abin ya faro. Baffa Lawal, ƙanen babana, matarsa ta haihu a gidan iyayenta a Zakka, can ƙasar Safana. Haihuwar fari ce, kuma namiji. Kakana Malam Tukur, wanda muke kira Baba Tsoho, tun ranar da ya ji akwai ciki ya ɗaure wani farin rago mai baƙin kunne a bayan ɗakinsa, yana ɗura masa dusa da harawa. Ni da nake jikansa ban taɓa samun irin wannan kulawar ba, shi ya sa na sa wa ragon suna Ɗan Gata.

Ana saura kwana uku suna, sai surukin Baffa, Malam Ilu, ya bugo waya. Cikin ladabi ya ce hanya ba daɗi da wannan damina, in kawo rago zai yi wahala kada a damu, yana da nasa a ɗaure, sai a yanka. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Baba Tsoho ya ajiye wayar kamar an mare shi a tsakiyar kasuwa.

"Jikan Tukur, a raɗa masa suna da ragon aro? Ina raye?"

Nan take ya yanke hukunci: shi da kansa zai kai Ɗan Gata, a motarsa, ranar Laraba, don suna Alhamis ne da safe. Baffa Lawal ya riga ya wuce a babur da goro da alewa. Ni aka zaɓa in riƙe rago, wai don ni ne mafi rashin amfani a gida.

Dole in gabatar muku da motar. Sunanta Amarya, ko da yake ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙofa ɗaya ta ciki kawai take buɗuwa, ɗaya ta waje kawai, sauran biyun sai da lallashi. Amma babbar cutarta fulogi ce. Ga waɗanda ba su sani ba, fulogi wani ɗan ƙarfe ne mai farin wuya, tsawon yatsa, shi ke ƙyasta wutar da ke ƙona mai a cikin inji. Amarya huɗu take ɗauka. Watanni ke nan tana nuna alamun sun gaji. Da safe ba ta tashi sai rabin unguwarmu ta tura ta. In tana tsaye tana aiki, rawar ɗari take yi kamar mai masassara. Mai kuwa, sha take kamar an ce gobe za a daina sayarwa. Babana ya yi magana har ya gaji, cewa a sa sababbi.

Baba Tsoho yana da nasa ilimin. Shi manomi ne tun kafin ya san sitiyari, kuma a wurinsa fulogi kamar gona yake: in ya gaji ba a yar da shi, barinsa ake ya huta, ƙarfinsa zai dawo. Saboda haka yana da wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerarsa, cike da duk fulogin da ya taɓa cirewa a rayuwarsa. In na cikin inji ya gaza, sai ya kwance shi ya jefa a gwangwani, ya lalubo wani da ya daɗe yana hutu ya ɗaura. Kowanne ya san tarihinsa. Wannan tun azumin bara yake kwance, wancan tun auren babana.

Mun bar Batsari da hantsi, ni da Ɗan Gata a kujerar baya. Ya cinye kashi biyu cikin uku na kujerar, ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, yana busa mini numfashi mai warin dusa a kunne. Ba mu gama fita gari ba Amarya ta fara tari. Muna cin karo da hawan farko ta rage gudu, ta ƙara ragewa, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce mu, ta waigo ta yi mana sannu.

Baba Tsoho ya tsaya, ya ɗaga murfin inji, ya ciro sufanarsa. Fulogin da ya kwanto baƙi ne ƙirin da tokar hayaƙi. Ya zaɓo wani daga gwangwani, ya wanke shi da fetur, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗan ƙwanƙwasa kansa da dutse. Sai ya maƙala masa waya, ya ce in riƙe shi a jikin inji, shi zai murza makulli mu ga ko yana ba da wuta. Na riƙe. Ya murza. Jama'a, yana ba da wuta. Abin da ya shiga ta yatsana ya fita ta diddigena, na yi tsalle har na hango rufin gidanmu. Baba Tsoho ya leƙo ta taga yana dariya, dasashinsa a waje, ya ce ai ga shaida, wannan ya huta sosai.

Ya huta, amma hutun bai kai mu ko'ina ba. Kafin azahar sau huɗu muka tsaya. A tsayawa ta uku wani makiyayi ya jingina da sandarsa yana kallonmu, daga baya ya ba da shawarar mu sauke ragon mu ɗaura masa igiya ya ja motar. Baba Tsoho bai yi dariya ba. Ni na yi, na sha ranƙwashi.

Da aka ce mini mun iso iyakar Batsari da Safana, na miƙe wuya ina neman wani layi a ƙasa irin na taswirar makaranta. Ganga biyu na gani, da gungumen itace, da jami'an tsaro uku a inuwar dalbejiya, da wata Bafilatana mai fura. Babbansu, wani dogo mai gashin baki, ya duba takardun mota, sannan ya nemi takardar rago. Kun san yadda ake ciki yanzu, ba a yawo da dabba ba shaida. Mai unguwarmu ya rubuta mana, kuma tana aljihun gaban rigata. Na sa hannu na ciro rabi. Na dubi Ɗan Gata, ya dube ni, yana tauna a hankali.

Allah ya taimake mu, ɓangaren da ya rage yana ɗauke da hatimi da kalmomin "fari mai baƙin kunne". Jami'in ya dubi takarda, ya dubi kunnen rago, ya ce tunda mai takardar da kansa ya ci, ba shi da abin cewa. Ya ɗaga mana hannu mu wuce. Amarya ta ce ba inda za ta.

Su ukun suka ajiye girmansu suka tura. Ta yi shiru, ta yi shiru, sai ta saki wata irin ƙara ta salansa kamar an harba bindiga. Kafin in ƙifta ido ba kowa a tsaye. Dogon nan yana bayan ganga, mai fura ta rungume ƙwaryarta a ƙasa, Ɗan Gata kuma ya sakar mini ruwa mai ɗumi a cinya. Da ƙura ta lafa, jami'in ya taso yana kakkaɓe wando, ya sunkuyo ta taga.

"Baba, don girman Allah, in kun shiga Safana a canza fulogin nan. Ina da 'ya'ya ƙanana."

Baba Tsoho ya ce masa Allah ya raya su, ya taka totur.

Mun shiga Safana bayan la'asar. A zatona garin zai bambanta da namu, ashe babura ne da a-kori-kura da buhunan gyaɗa, kamar gida. Bambancin yana bakin mutane. Duk wanda ya ji daga Batsari muke sai ya tambaye mu ina rogonsa, don garinmu ya yi suna da rogo, kamar a aljihu muke yawo da shi. Gaisuwarsu kuwa ba ta da birki. Mu a gida in an tambayi gajiya da iyali da ruwa, an gama. Su sai sun bi ta kan gero, su gangaro kan dawa, su tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, in an kai ƙarshe a ce "to madalla" a sake daga farko.

Amarya ce ta zaɓar mana gareji, don a ƙofarsa ta mutu. Mai garejin, Malam Isiya, gajere ne mai sanyin magana. Bai tambaye mu komai ba. Ya sa aka tayar da ita, ya saurara kaɗan, ya ce da ƙafa uku take tafiya, wato fulogi ɗaya ba ya aiki sam, sauran ma da ƙyar. Ya kwance duka huɗun ya jera a kan benci, ya ɗauko sabo ya ajiye kusa da su. Ya nuna mana bakin sabon, ɗan tsinin ƙarfensa a miƙe da kaifinsa, ratar da wuta ke tsallakawa 'yar siririya. Na Amarya kuwa tsinin ya cinye ya zama kamar kan tsohuwar taɓarya, ratar ta buɗe, ɗaya ma farin wuyansa ya tsage. Ya ce in datti ne kawai, wanki na iya taimakawa na ɗan lokaci. Amma in mota ta fara wuyar tashi da safe, tana karkarwa a tsaye, tana kasa hawa, tana shan mai fiye da da, kuma aka kwance aka ga baki ya cinye haka, to lokaci ya yi. Kuma huɗun ake canzawa tare, don tare suka tsufa.

Baba Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauko gwangwaninsa ya zazzage a kan bencin, ya yi wa Malam Isiya bayanin hutu. Malam Isiya ya ɗauki ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ce cikin girmamawa, gona in ta huta ciyawa da taki ke komawa cikinta, amma ƙarfen da wuta ta cinye ba abin da ke mayar da shi a cikin gwangwani.

Ni da ba a tambaye ni ba, na sa baki. "Baba Tsoho, haƙoranka na gaba shekara nawa suna hutu? Har yanzu ban ga sun dawo aiki ba."

Masu zaman garejin suka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da goro. Nan na ɓata komai. Da ban yi magana ba wataƙila da ya karɓi sababbin a wurin. Amma yanzu an yi masa dariya a garin mutane, a gaban jikansa. Ya tattara kayansa ya mayar gwangwani, ya zaɓi huɗu da hannunsa ya ɗaura, ya ce motarsa ce, kuma tun kafin a haifi Isiya yake tuƙi.

Rana ta yi ƙasa, kuma ba mai hankalin da zai kama hanyar ƙauye da yamma haka, balle da Amarya. Muka sauka gidan wani tsohon abokin Baba Tsoho, Malam Audu. Ba wanda ya gaya mini sana'arsa sai da na ga wuƙaƙe a rataye a zaure. Mahauci ne. Ɗan Gata ya gane kafin ni, ya kafe ƙafafu a ƙofa, sai da muka ɗauke shi mu uku. Malam Audu kuwa ya kasa tsare hannunsa. Yana gaisawa da Baba Tsoho yana latsa gadon bayan rago, yana tambayar mutanen Batsari yana auna cinyarsa. Ya ce shekara da shekaru bai ga kitse irin wannan ba, in Zakka ta gagara, ga gida.

Abinci dai ban da abin cewa. Tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji har tana magana, nama kuma ya fi miyar yawa. A gidanmu sai ka yi iyo a kwano kafin ka ci karo da tsoka ɗaya, nan kuwa tuwon ne ake nema. Sai dai suna da wata al'ada: baƙo ba ya cewa ya ƙoshi. Da na ce alhamdulillahi, sai a ƙaro. Na sake cewa, aka kawo fura. Daga baya na gano dabarar ita ce ka bar saura a kwano ka yi shiru. Kafin in gano, na kusa kamo Ɗan Gata a faɗi.

Bayan magariba Baffa Lawal ya kira, muryarsa a sanyaye. Ya ce liman zai zo da sassafe don yana da wani sunan a gaba, ba zai jira ba. Baba Tsoho ya ce masa kafin a shimfiɗa tabarma muna nan. Ya kashe waya ya zauna yana juya carbi ba tare da yana ja ba. Ban taɓa ganinsa haka ba. Can ya miƙe ya ce zai je ya gaida wani, ya hana ni binsa.

Da asuba jama'ar masallaci suka tura mu, sahu guda cur. Muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa, gero ya rufe mu dama da hagu. Amarya tana tari tana tafiya, ni ina addu'a, Ɗan Gata yana cin kwalar rigata. Har na fara jin za mu kai. Sai muka gangara wani rafi mai ɗan ruwa, muka tsallake, muka fuskanci hawan da ke bayansa. Amarya ta kai rabi, ta yi atishawa biyu, ta koma da baya a hankali ta zauna a gindin hawan.

Baba Tsoho ya buɗe gwangwani. Ya gwada na azumin bara, ya gwada na auren babana, ya gwada wani da ya ce tun yana da gashi a kai yake hutu. Garin sauri sufana ta faɗi sau biyu. Rana ta fito sosai. Na ce mu ja ragon a ƙasa, muka gwada, ya yi taku goma ya durƙusa yana haki, don a rayuwarsa bai taɓa tafiyar da ta wuce daga turke zuwa kwano ba. Babur ɗaya ya wuce, da mutum huɗu da buhu a kansa, suka yi mana sannu.

Wayar ta sake ƙara. Ina jin muryar Baffa daga inda nake. Liman ya iso, mutane sun zauna, an fara raba goro. Malam Ilu yana tambaya ko a kwanto nasa.

"Ka ce masa ya ba ni minti goma," in ji Baba Tsoho.

Ya juyo ya dube ni, ya ce in hau can saman hawan in duba ko wata mota na zuwa, kuma kada in waigo. Duk wanda ya san ni ya san wannan umarni ba zai yiwu ba. Na yi taku kaɗan na laɓe a bayan wata sabara. Ina kallo ya duba hagu, ya duba dama, ya cire hularsa. A cikinta akwai ƙananan kwalaye huɗu. Ashe wanda ya je gaisarwa jiya Malam Isiya ne. Tun asuba sababbin fulogi suna zaune a kan sanƙonsa, yana fatan ba za a kai ga buƙatarsu ba.

Ya ɗaura su cikin sauri, ya murza makulli sau ɗaya. Amarya ta tashi da wata murya mai laushi wadda ban taɓa jin tana da ita ba. Ba tari, ba rawa. Na fito daga bayan sabara ina kallon kwalayen da ya manta a ƙasa.

"Baba Tsoho, waɗannan kuma tun yaushe suke hutu?"

"Tun da aka ƙera su," ya ce, bai ko dube ni ba. "Duk sun fi sauran hutawa. Shiga mota, ɗan nema."

Hawan da ya gagare mu, a guje ta cinye shi. Baba Tsoho ya saba taka totur har ƙasa kafin ta motsa, ya manta yanzu tana jin magana. Kaji suka watse, wani mai keke ya shige gonar gyaɗa, ni da Ɗan Gata muka rungume juna muna gware da rufi. Muka shiga Zakka kamar an koro mu.

A ƙofar gidan Malam Ilu tabarmi cike da mutane, liman a tsakiya. Kuma daidai lokacin Malam Ilu yana fitowa daga zaure, riƙe da igiyar wani jan rago, wuƙa a ɗaya hannun. Baba Tsoho ya taka birki. Ƙofarsa ta ƙi buɗuwa, sai da Baffa Lawal ya rugo ya buɗe ta waje. Ya fito, babbar rigarsa duk baƙin mai, ya tsaya yana kallon jan ragon.

Malam Ilu ya dubi Baba Tsoho, ya dubi Ɗan Gata da nake ta fama in turo shi waje. Sai ya mayar da wuƙar bayansa a hankali, ya miƙa igiyar ga wani maƙwabcinsa.

"Kai shi rijiya ya sha ruwa, tun jiya yake damuna da kuka." Ya juyo da fara'a. "Malam Tukur, sannunku da zuwa. Ai wuƙar ma don ragonku nake wasa ta. Yaya hanya?"

"Lafiya lau," in ji Baba Tsoho. "Mun ɗan tsaya gaishe-gaishe ne a Safana."

Aka matsa masa wuri kusa da liman. Mutum huɗu suka kama Ɗan Gata, 'yan Zakka suna ta zagaya shi suna taɓa ƙirjinsa, wani dattijo yana rantsuwa ɗan maraƙi ne aka yi wa ƙaho. Ni na kau da kai lokacin da aka kwantar da shi, don duk da fitsarin da takardar, mun yi zaman kujera ɗaya. Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha, sannan maroƙi ya miƙe ya sanar da sunan yaro: Muhammadu Tukur.

Ba wanda ya gaya wa Baba Tsoho tun da farko cewa sunansa za a sa. Ya cire hular nan ya rufe fuskarsa da ita, ya daɗe a haka, hannayensa baƙi ƙirin da man inji.